Malam Aminu Kano da Haƙƙin Talakan Ruma: Jawabi a Bikin Yaye Ɗalibai, Batsari

  

Mai girma Sarkin Ruman Katsina, Hakimin Batsari, Allah ya ja zamaninka. Wakilin mai girma Yariman Katsina, Hakimin Safana. Shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana. Limamai da malamanmu. Dagatai da masu unguwanni. Shugaban wannan makaranta da malamansa. Iyaye maza da iyaye mata. Sai ku 'ya'yana da ake yayewa yau. 

Shugaban makaranta ya ce in zaɓi mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fafutukar 'yancin ƙasar nan in ba yaran labarinsa. Na zaɓi Malam Aminu Kano. Na san akwai mai cewa a ransa, ga Katsinawa birjik, ga Wazirin Katsina Isa Kaita, ga Matawalle Musa 'Yar'aduwa, don me za a tafi Kano aro? A yi mini haƙuri kaɗan. Akwai abin da Malam ya yi wanda ya shiga kowane gida a ƙasar Ruma, har gidan wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba.

An haife shi a birnin Kano ran 9 ga Agusta 1920, a gidan malamai da alƙalai. Ya yi karatun allo, ya yi elemantare da midil a Kano, sannan ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda asalinta tamu ce, Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Da ya gama a 1942 aka tura shi koyarwa Bauchi. Can ya tarar da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya ƙara wasa masa tunani. Suka riƙa zama da sauran malaman makaranta da ma'aikata suna muhawara a kan yadda ake mulkin Arewa, har hukuma ta fara ɗar-ɗar da zaman.

A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa. Ku lura da lokacin. Shekarun nan ne Indiya take gab da fita daga hannun Ingila, ta kuwa fita ran 15 ga Agusta 1947. Duk ɗalibin da ya fito daga ƙasar da Turawa ke mulki, kunnensa yana wajen Indiya, kuma sunan da ya fi tashi shi ne Mahatma Gandhi. Malam ya karanci mutumin nan sosai, kuma tasirinsa ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Bari in ɗan tsaya a kan Gandhi, domin dabararsa ta cancanci a sani. Turawa sun hana Ba'indiye ya haƙo ko ya dafa gishirin kansa, sai dai ya sayi na gwamnati mai haraji a kai. A watan Maris na 1930 dattijon nan, yana da shekara 60, ya ɗauki sandarsa da mabiya 78, suka taka ƙasa daga Sabarmati zuwa Dandi a bakin teku, tafiyar wajen kilomita 385 cikin kwana 24. Da ya isa ya sunkuya ya ɗebi gishiri da hannunsa, ya karya dokar a idon duniya. Kafin shekarar ta ƙare an ɗaure mutum wajen 60,000. Bai ɗaga makami ba. Gwanintarsa ita ce zaɓen gishiri. Da ya yi wa ƙauyawa dogon turanci a kan tsarin mulki da sun yi hamma, amma duk macen da ta ɗora tukunya ta san kuɗin gishiri.

Da Malam ya dawo aka kai shi kwalejin horar da malamai ta Maru, maƙwabtanmu a ƙasar Zamfara. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati, ya shiga jam'iyyar NEPU da wasu samari takwas suka kafa a Kano ran 8 ga Agusta na shekarar, ya zama shugabanta a 1953. A lokacin masu ilimi irin nasa a Arewa ba su da yawa. Da ya yi shiru ya bi layi, da minista ne tun da wuri, ko wani babba a En'e. Ya bar albashi ya koma yawo ƙauye-ƙauye yana lacca a gindin bishiya.

Abin da ya riƙe, wanda ya tsaya masa a matsayin gishirin Gandhi, shi ne haraji da jangali da aikin tilas.

Ku 'ya'yana ba ku san haraji ba, sai ku tambayi kakanninku. Da kaka ta yi, mai unguwa zai bi gida-gida da sunayen duk namijin da ya balaga. Ko an yi fari, ko fara ta cinye gero, kuɗin nan sai sun fito. Mutum zai ja akuyar matarsa kasuwa, ko ya kwance damin da ya ajiye don bazara ya sayar da araha, domin kowa sayarwa yake a lokaci guda. Wanda ya kasa, a shanya shi a rana a ƙofar dagaci, yaransa suna kallo. Wanda ya biya ya naɗe takardar ya cusa cikin hula, domin in aka tare shi a hanyar kasuwa babu ita, ya shiga uku. Wasu kan tsallaka ƙasar Faransa, wajen Maraɗi, sai ƙura ta lafa su dawo. Makiyayi kuma da damina ake bin sa ruga a ƙirga masa shanu ɗaya bayan ɗaya, ya biya jangali a kan kowace, shi ya sa ake ta ɓuya da garke cikin dajin Rugu.

Allah ya ja zamanin iyayenmu sarakuna, tarihi nake faɗa. Tsarin na Turawa ne, su suka ɗora tara kuɗin a wuyan masu sarauta. Shi kansa Malam ɗan gidan alƙalai ne, kuma hujjojinsa yawanci daga littattafan Shehu Usmanu da ɗan'uwansa Abdullahi yake ciro su, inda suka yi magana a kan adalcin shugaba da haramcin cin dukiyar talaka. Malami ne da ke zama ya yi tafsiri da azumi. Wannan ya sa aka rasa yadda za a yi da shi, domin in ka ce masa ya zo da baƙon abu daga Turai sai ya buɗe maka littafin kakanka.

Mabiyansa sun ɗanɗana kuɗarsu. An yi musu bulala, an ɗaure su a kan laifin taro ko na ƙin cire takalmi su durƙusa, an sa 'yan daba sun fasa musu kai. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha shiga kurkuku saboda ta ce mace ma ta fito ta yi zaɓe, abin da matan Arewa ba su samu ba sai 1976. Duk da haka Malam bai taɓa cewa a ɗauki makami a rama ba. Ka tsaya gaban alƙali ka faɗi gaskiyarka, a ɗaure ka, ka fito ka sake faɗa.

A fagen lashe zaɓe kuwa Malam bai yi sa'a sosai ba. Ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959, ya rasa kujerar a 1964. A zamanin Janar Gowon ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 1967, daga baya ta lafiya har 1974. A 1979 ya nemi shugabancin ƙasa a jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi, ya zo na huɗu cikin mutum biyar da ƙuri'a wajen miliyan 1.7. Amma jam'iyyarsa ta ci gwamna a Kano da Kaduna, kuma ku tuna a lokacin mu 'yan jihar Kaduna ne, sai 1987 aka ba mu Katsina. Da Alhaji Balarabe Musa ya hau a Oktoba 1979 ya soke haraji da jangali, Alhaji Abubakar Rimi ma ya yi haka a Kano.  Daga shekarar nan manomin Wagini da na Runka da na Zakka suka daina ɓuya in sun hango mai unguwa da littafi. Kusan shekara 30 Malam ya yi yana wannan magana kafin ta tabbata. Abin da ya haɗa shi da Ruma ke nan.

Ba na so ku tashi da zaton cewa ba shi da aibi. Jam'iyyarsa ta dare gida biyu a hannunsa, 'yan santsi da 'yan taɓo, har aka kori gwamnonin nan biyu daga ɓangarensa. A ganina ya fi iya tayar da mutane daga barci a kan riƙe su wuri ɗaya bayan sun farka. Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983 jam'iyyar tana a rabe. Amma ko abokan hamayyarsa ba su taɓa cewa ya ci kuɗin jama'a ba. Wanda ya riƙe ma'aikatun tarayya shekara bakwai, gidan da ya zauna a Gwammaja, Gidan Mumbayya, yana nan kowa na iya zuwa ya gani da idonsa. Yanzu cibiyar bincike ce ta Jami'ar Bayero.

To, ga maganar da ta fi damuna, kuma ita ta sa na zaɓe shi. Malam bai taɓa raba haraji da jangali a bakinsa ba. A wurinsa mai garma da mai sanda duk talakawa ne, hannu ɗaya ke tatsar su. Mu a nan mun bari wannan fahimta ta kuɓuce mana. Aka cinye burtali, aka bar yaran ruga ba makaranta ba asibiti, aka yi ta zaluntar juna a kan ɓarnar gona da satar shanu ba a samu adalci ba, har miyagu suka samu ƙofa. Kowa a wurin nan ya san sauran labarin. Mun ga ƙauyukan da aka tashe su, mun ga mata da yara kwance a ajujuwan firamare a cikin garin Batsari. Mun ga kuma harajin da aka soke a 1979 ya dawo ta daji: a aiko wa gari saƙo a tara kuɗi kafin a yi shuka, a sake tarawa kafin a cire rogo. Mai karɓar na yau ba ya ba da takarda, kuma babu alƙalin da za ka kai shi gabansa. Ɗan fashi ɗan fashi ne, ko wane yare yake ji, kuma hukuncinsa yana wuyan hukuma. Amma makiyayin da aka kore masa shanu da manomin da aka hana shi gona, jirgi ɗaya ya kwaso su, kuma muddin suna kallon juna a matsayin abokan gaba, ɓarawon ne ke cin riba.

Ku da ake yayewa, kun yi karatu a shekarun da aka sha rufe makarantu, wasunku daga gudun hijira suka zauna jarrabawa. Kun yi ƙoƙari, Allah ya yi muku albarka. Kada ku tsaya nan. Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna nan Dutsin-Ma, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina. Ku je ku karanto shari'a da aikin gona da likitancin dabbobi da koyarwa, ku dawo. Ƙasar Ruma tana bukatar wanda zai iya rubuta koke da hujja ya kai majalisa, ya tambayi ina kuɗin rijiyar da aka ce an haƙa, cikin ladabi, ba tare da ya ji tsoro ba. In ɗan siyasa ya ba ku ƙwaya da gora ya ce ku bi masa yaƙin neman zaɓe, ku tambaye shi a wace makaranta nasa 'ya'yan suke.

Iyaye, roƙona a gare ku a kan 'yan matan nan ne da ke zaune a sahun gaba. Wadda ta ci jarrabawa a bar ta ta ci gaba, ko da aure ne a yi sharaɗin karatu. Asibitocinmu na karkara ba su da isassun ungozoma da nas, kuma ba daga wata ƙasa za a kawo mana su ba. Masu girma shugabannin ƙananan hukumomi, a taimaka wa marayun cikinsu da kuɗin rajista, a kuma buɗe wa 'ya'yan makiyaya aji su zauna benci ɗaya da 'ya'yan manoma.

Allah ya jiƙan Malam Aminu Kano da sauran magabatanmu. Allah ya kawo mana zaman lafiya a Batsari da Safana da ƙasa baki ɗaya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.