WA KE YANKA KUƊIN GUMINMU?
Jawabin da aka yi a taron reshe na Gure

Dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwa samari, da baƙinmu na ƙauyuka waɗanda suka baro aikinsu suka zo, muna yi muku barka da zuwa. Kwamiti ya ɗora mana yin magana a kan arziki da talauci a ƙasar Muniyo. Mu aikinmu koya wa yara ƙidaya ne a lakwal, saboda haka da lissafi za mu zo muku, kowa kuwa ya bi mu da yatsunsa.

Ga tambayar. Ƙasarmu tana da kanwa, tana da gishiri, tana da dabino da ƙaro, tana da shanu da raƙuma. To, me ya sa mai haƙar kanwar nan, da mai tsinkar ƙaron nan, da mai kiwon shanun nan, su ne ba su kai tsakiyar damina da hatsi a rumbu? In ka tambaya a kasuwa za a ce maka fari ne, ko rairayi ne ya cinye gonaki. Ba mu musa ba. Fari gaskiya ne, tudun rairayi kuwa kowa na ganin yadda ya ke gangarowa cikin kwari. Amma ku duba da kyau. Fari ɗaya ke sauka a kan gari, a fita daga shekarar wani ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, wani kuwa ya ƙara garke. Ashe bayan fari akwai wani abu da ke raba mutane, shi mu ke so mu kira da sunansa yau.

Abin ba sabo ba ne. Cikin 1852 wani Bajamushe, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya sauka nan Gure wurin Muniyoma Koso, lokacin ƙasar tana bin Barno. Tun wancan zamani gishirin Manga da kanwar Muniyo suna tafiya Kano har gaba da Kano a kan jakuna da takarkarai da raƙuma. Yaya a ke yin gishirin? Bayan kaka manoma su bar ƙauyukansu su tare a kwari. A kankaro ƙasa mai gishiri, a zuba mata ruwa a tace, a dafa ruwan cikin ƙananan tukwane a bisa murhu har ya daskare. Aiki ne na rana da hayaƙi, gishiri na cin ƙafa yana cin hannu, wata da watanni. Ranar rabo kuwa, mai sarautar da ke riƙe da kwarin sai ya ɗauki nasa tukuna, shi da bai taɓa itace ba. Mai murhu ya ɗauki nasa. Abin da ya saura shi a ke raba wa masu aikin. Daga baya Damagaram ta ci Muniyo a zamanin Sarki Tanimun, masu karɓa suka sake, mai kankarar ƙasa bai ga bambanci ba.

Nasara suka shiga Damagaram cikin 1899. Abin da suka zo da shi wanda ya fi bindiga aiki shi ne lanho, don sun ce da kuɗinsu za a biya, ba da gero ba, ba da wuri ba. Talaka ba shi da tamma. Ina zai samo ta? Sai ya kai ƙaro da fata da kiraga inda a ke saye da kuɗin Nasara, ko ya sayar da sa, ko ya tafi cin rani ƙasar Ingilishi. Manyan kantoci irin su CFAO da SCOA su ke da sikeli, su ke da mota, su ke da labarin farashin Faransa, su ne kuma ke sayar maka da yadi da sukari. Ka shiga ta ƙofa ɗaya ka sayar da araha, ka fita ta ɗayar ka saya da tsada. A kan wannan kuma ga aikin tilas: gyaran hanya, ginin bariki, ɗaukar kayan kumandan, ba ko dala. Sai ran 11 ga Afrilu 1946 dokar da a ke kira da sunan Houphouët-Boigny ta kashe aikin tilas.

Ma'aikata ba su zauna ba. 'Yan reluwe na Dakar sun yi yajin aiki tun daga Oktoba 1947 har Maris 1948. Cikin Nuwamba 1952 'yan sandika suka tsai da aiki a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki, ran 15 ga Disamba na shekarar aka fitar da dokar aiki wadda ta sa awa 40 a mako. A Yamai, Djibo Bakary ta hanyar sandika ya fito. A Kano kuma 'yan NEPU tun 1950 suka faɗi a fili cewa tsakanin talakawa da masu mulkinsu akwai jayayya. Muna girmama wannan aiki duka. Amma a nan akwai maganar da ba a cika faɗi ba. Dokokin nan na mai albashi ne, wanda sunansa ke cikin littafin biya. Tun daga farkon 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Madalla. To, a cikin wannan taro, wa ke da takardar albashi? Ku ɗaga hannu. Ga su nan, ba su cika yatsun hannu biyu ba, mu kanmu muna cikinsu. Sauran jama'a duka suna aiki, aiki mai nauyi ma, amma doka ba ta san da su ba, don a takarda ba kowa ya ɗauke su aiki.

To, in ba wanda ya ɗauke su aiki, ta yaya a ke cin guminsu? Nan ne lissafin.

A ce ga Manomi, ga Mai Jari. Ba mu nufin kowa, misali ne irin na allo. Watan Yuli ya kama, gero na gona bai nuna ba, na rumbu ya ƙare, yara na kuka. Manomi ya je wurin Mai Jari. A ce ran nan buhun gero jika 30 ne. Mai Jari ya auna masa buhu guda, tiya 40, ya ce: bashinka jika 30 ne, ka biya da kaka. Ba a ambaci ruwa ba, ba wanda zai ce an ci riba ta haram. Kaka ta yi, kowa ya kawo gero kasuwa rana ɗaya, don kowa na da bashi da biki da kuɗin magani. Buhu ya faɗo jika 15. Buhu nawa Manomi zai bayar kafin ya cika jika 30? Yaran aji uku sun san amsa: biyu. Ya ci ɗaya, ya biya biyu. Mai Jari ya kulle buhunan nan a sito, bai ƙara musu ko ƙwaya ba, ya jira Yuli. Su koma jika 30 kowanne, ya zama jika 60. Manomi kuwa da ya ke buhu biyu sun fita daga rumbunsa tun kaka, bana rumbun zai ƙare tun watan Yuni. Sai ya koma ya karɓi buhu biyu, ya biya huɗu. Shekara ta uku ba sauran maganar buhu, sai maganar jinginar gona, ko kan dabino goma da ya gada a kwari.

Ku lura, Mai Jari bai fi Manomi wayo ba, bai fi shi ƙwazo ba. Abu ɗaya ya fi shi: yana iya jira. Mai yunwa ba shi iya jira. Abin da masu karatu ke kira jari-hujja, in an kawo shi kasuwar Gure, ke nan: mai kuɗi ya sayi lokacin da ka matsu, ya sayar maka lokacin da ka fi matsuwa.

Haka abin ya ke a kan kanwa. Mai haƙa ya karɓi kuɗin gaba tun kafin ya shiga kwari, don ya bar wa iyali abinci. Wanda ya ba shi kuɗin shi ke yanka farashi, shi ke kawo buhun da za a cika, buhun kuwa ba shi ƙanƙancewa, kullum girma ya ke. Mai haƙa ba shi da kamyo, ba shi da sito a Damagaram, bai san nawa a ke sayar da ita a Kano ba. Titin kwalta da aka shimfiɗa daga nan zuwa Gigimi da taimakon Kanada bayan 1970 ya sauƙaƙa tafiya ƙwarai, amma ribar titi ta mai mota ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Iyayenmu mata kuma nasu ya fi muni, su da ke tsintar ƙaro, su saƙa tabarmar kaba, su ɗebo ruwa da itace, a ƙarshe in ana ƙidayar masu aiki a gida ba a sa su ciki.

Ku tambayi Filani da Tubawa na wajen Tasker. Bayan farin 1973 da na 1984, makiyaya da yawa sun tashi ba su da ko saniya. Su wa suka sayi shanun lokacin da a ke ba da saniya a bakin 'yan tiyoyin gero? Attajirai da manyan ma'aikata na birni. Yau za ka ga garke ya cika hanya, yaron da ke gaba da sanda kuwa ɗan haya ne, nono kaɗai ya ke sha. Cikin 2005 ma, da yawanku kun gani da idonku: gero bai ɓace daga kasuwa ba, yana nan jibge, kuɗinsa ne ya ninka, kuɗin dabba ya faɗi. Mutane suka ji yunwa suna kallon buhuna.

Kada wani ya fita daga nan ya ce mun zagi 'yan kasuwa. Mai tebur na bakin tasha ɗan'uwanmu ne, shi ma bashi ya ɗauko wurin wanda ya fi shi, wancan kuma wurin na Damagaram ko na Kano. Akwai attajiran da suka yafe bashi a shekarar wuya, Allah ya saka musu. Sai dai iyali ba su rayuwa a kan sa ran za a yafe musu. Kuma kada a ce mana ƙaddara ce. Ruwan sama na Allah ne, amma girman tiya mutum ne ya ƙera shi.

Wasu sun ce a yi haƙuri, man fetur zai share hawaye. An haƙa rijiyoyi a Agadem, ƙasar Difa. Cikin Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ a arewa da Damagaram, kan hanyar Tanut, mai tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60 cikin 100, Nijar na da 40. Aka ja bututu na kusan kilomita 2,000 zuwa bakin teku a Benin, cikin 2024 jirgin farko ya yi lodi. Ga shi cikin Maris 2025 gwamnati ta sallami manyan 'yan Sin uku na kamfanonin man, cikin dalilan da aka bayar har da ratar albashi tsakanin baƙo da ɗan ƙasa masu aiki iri ɗaya. Wannan ita ce ƙarar da kakanninmu suka kai tun zamanin Nasara. In injiniya mai takarda da sandika sai da aka yi wannan tsayuwa a kan hakkinsa, ina ga mai haƙar kanwa wanda ba shi da ko ɗaya?

To, me ke hannunmu? Tun da jira shi ne ƙarfin Mai Jari, sai mu nemi yadda talaka shi ma zai iya jira. Mun san in aka ce rumbun gari dattawa sai su ɓata fuska, don sun tuna rumbun tsimi na zamanin Nasara, wanda a ke tilasta ka ka zuba, mabuɗi kuwa yana wurin wani. Sun kuma ga bankunan hatsi da aka buɗe da kiɗa, bayan shekara biyu ba hatsi ba littafi. Suna da gaskiya. Abin da ya kashe waɗannan ba rumbun ba ne, mabuɗi ne da littafi. Akwai kuma hanyar da aka gwada a wurare da dama cikin Nijar tun wajen 1999: manoma su haɗa hatsinsu da kaka a sito mai kwaɗo biyu, ɗaya nasu ɗaya na asusun bashi, a ba su rance a kan hatsin, su yi sana'ar rani da shi, in farashi ya tashi su biya su ɗauki kayansu. Ribar jira ta zauna wurin wanda ya noma. Abin da ya yiwu ga gero zai yiwu ga kanwa da dabino, in masu kwari ɗaya suka yarda su sayar da baki ɗaya, da buhu ɗaya wanda aka auna a gaban kowa.

Amma ba za mu je wurin magajin gari ko wurin sarki da hannu wofi ba, za su ce surutu ne na samari. Saboda haka kwamiti na roƙon kowane ƙauye ya ba da mutum biyu, namiji da mace. Su rubuta abu huɗu: nawa aka karɓi buhu da damina, nawa aka biya da kaka, nawa aka sayi buhun kanwa a bakin kwari, da kan dabino nawa ke jingine a hannun wani. Ba a son sunan mai bashi ko na mai bin bashi, adadi kaɗai a ke so, don kada a kunyata kowa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya kira ɗan lakwal na gidansu, mun riga mun koya musu jan layi. Takarda da fensir suna wurin magatakarda, a karɓa kafin a watse. A kawo su ran kasuwa ta biyu bayan an gama yankan gero, nan inda mu ke zaune, bayan la'asar.

Yanzu fili na masu tambaya ne, dattawa su fara.