Zomon Gida: Kiwonsa Da Yankansa

 

Yau ba maganar shanu ta tara mu ba, ko da yake a Sayam muke, inda gwamnati ta kafa cibiya musamman don adana irin shanun Kuri. Maganar zomo ce. Na ga wasu sun fara murmushi. To ku bari mu yi lissafi tukuna.

Makiyayi shi ne mai nama, amma a gidansa aka fi daɗewa ba a ci nama ba. Ba ya yanka sai da suna, ko layya, ko babban baƙo, ko kuwa dabba ta faɗi ana gudun ta zama mushe. Ba rowa ba ce. Garke shi ne rumbunsa, shi ne asusunsa. Kuma tun 2015, da rashin tsaro ya raba mutane da tsibiran tafkin Cadi da wasu makiyayan bakin Komadugu, garken da yawa ya ragu, mai akuya biyar ba zai taɓa ɗaya don miya ba. Ƴan'uwanmu na sansanin Sayam Forage, wanda aka buɗe a ƙarshen 2014, wasunsu ko kaza ba su iso da ita ba. Ana nan yara suna girma da tuwo da miyar kuka.

Zomo ba ya layya, ba a yanka shi ran suna. Aikinsa ɗaya ne, tukunya. Kuma daidai tukunya guda yake: a yanka da safe, a cinye da dare, babu neman ƙanƙara, babu shanya. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma wannan na daji suke nufi. Na gida wani iri ne dabam, asalinsa daga ƙasar Sifen da Fotugal, kuma ba sa barbara da na daji. Ɗan zomon daji da gashinsa ake haifuwarsa, ido buɗe. Na gida tsirara yake zuwa, sai wajen kwana 10 yake buɗe ido. Saboda haka kada a kamo na daji a sa a akurki, wahala ce kawai. Kiwon kuma ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Tun 1972 gwamnatin Ghana ta kafa shirin kiwon zomo saboda ƙarancin nama, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki a kansa.

Ga lissafin. Cikin zomanya kwana 31 ne, ko a ce wata guda. Takan haifi 6 zuwa 8. Mu ɗauka 5 suka rayu, kuma haihuwa 4 kawai ta yi a shekara: ƴaƴa 20 ke nan. Uwa biyu da namiji ɗaya, zomaye 40, wato fiye da uku kowane wata. Zomo mai kilo 2, in an feɗe, ana samun nama kamar kilo ɗaya da ƴan kai.

Amma in gaya muku gaskiya, wannan kiwo na mazauna ne. Wanda ke tashi da garke, yau nan gobe can, ya bar shi, sai dai in akwai iyalin da ke zama a gida.

Babban abokin gaban zomo a ƙasarmu zafi ne. Ba ya gumi, ta kunne da numfashi yake fid da zafi. Da zafi ya wuce digiri 30 ya fara rage ci, namiji kuma ƙarfin barbararsa ya ragu. Ku kuwa kun san Afrilu da Mayu a Diffa, 40 ma wucewa yake yi. Don haka kada a yi rufin kwano. A yi rumfar zana ko ɗakin ƙasa mai shan iska, ƙarƙashin itace in da hali. A ajiye tulu ko randa mai ruwa a ciki, za ku ga ya miƙe ya jingina da ita. Daga Maris har ruwa ya sauka a dakatar da barbara, uwa mai ciki ita zafi ya fi kashewa. Akurkin uwa ya kai mita 1 a tsawo, santimita 60 a faɗi, a ɗaga shi daga ƙasa saboda ɓera da kare da maciji. Wanda zai ajiye su a ƙasa ya daɓe wurin sosai, don yashin Sayam ba ya yi wa zomo wuyar tono.

Abinci yana nan kewaye da ku: harawar wake da ta gyaɗa, dusar gero ko ta shinkafa, ganyen dankali, zogale, gadagi. Ɗanyar ciyawa a bar ta ta sha iska kafin a ba su. Ciyawar da aka ciro daga gonar tattasai bayan feshi, kada ta kusanci akurki. Haka tumfafiya da zaƙami. Masu cewa zomo ba ya shan ruwa, ba haka ba ne. Uwa mai shayarwa tana iya shan kusan lita guda a ranar zafi, in ta rasa kuwa nono ya ƙafe, wani lokaci har ta cinye ƴaƴanta.

Wajen barbara, macen ake kai wa namiji, ba a kawo shi ɗakinta, faɗa za ta yi masa. Ran kwana 28 a sa mata akwati ko fasasshiyar tukunya da busasshiyar ciyawa. A yaye ƴaƴa bayan sati 5 ko 6. Sai magani: kafson da kuke saye a kasuwa, irin su ampisilin da amoksisilin, in aka ba zomo ta baki yana iya kashe shi, don yana lalata ƙwayoyin cikinsa masu narka abinci. A tambayi malamin dabbobi tukuna.

To, duk wannan mai sauƙi ne. Inda kiwon zomo ya fi lalacewa shi ne wajen wuƙa, kuma nan nake so mu daɗe.

Za ku ga mutum ya yanka rago ya fi a ƙirga, amma ran da aka ce ya yanka zomon gidansa sai ya ce a bari sai Juma'a. Juma'a ta zo, ya ce bai yi ƙiba ba. Ba abin kunya ba ne, kuma ku makiyaya kun fi kowa sanin dalili, ku da kuke kiran kowace saniya da sunanta. Rago yana daji yini guda. Zomo kuwa a tsakar gida yake, a hannu yake karɓar ganye, yara suna goya shi. Ga shi ba ya kuka duk rayuwarsa, sai ran da ya firgita ƙwarai ya yi wata irin ƙara kamar ta jariri. Wanda ya taɓa jin ta, hannunsa yakan yi sanyi.

Amma ku dubi abin da jinkirin yake jawowa. Zomo yana saurin girma har wata 3 zuwa 4. Daga nan ci yake yi, naman da yake ƙarawa kaɗan ne. A wannan lokaci ne kuma maza suke fara faɗa, suna yage wa juna fata da maraina, matan kuma ƴan'uwansu su yi musu ciki. Akurkin da aka yi don 6 ya koma na 15. Dusa ta ƙare, zawo ya shiga, bazara ta iso. Sai a wayi gari ana kwasar mushe ana zubarwa bayan gari. Zomon da aka ji tausayin yi masa yankan minti ɗaya, ya yi kwana uku yana mutuwa, yaran kuma ba su ci komai ba. A ganina wannan ba tausayi ba ne.

Saboda haka ranar da zomanya ta haihu, a ranar za a sa ranar yanka. A ƙirga wata 4, a ja layi a bango ko a ƙulla igiya. Tun wajen yaye a ware waɗanda za a bari don iri, sauran na tukunya ne. Yaro yana son na wasa? A ba shi uwar, ita za ta shekara biyu ko uku a gidan, ya raɗa mata suna in ya so. Na yanka ba a sa musu suna. Kuma a gaya wa yaro gaskiya tun farko. Kada a yanka a ɓoye a ce kare ya ɗauke, in ya gane ba zai ƙara yankar musu ciyawa da daɗin rai ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, to yaro ma wanda ya ruɗe shi yake riƙewa.

Akwai masu shakkar halaccinsa. Ga malamai nan zaune, za su gyara mini: Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Ɗalha ya yanka zomo, ya aika wa Manzon Allah (SAW) da cinyarsa, kuma ya karɓa. Mazhabobi huɗu duk sun halatta shi. Sai maganar mata. A al'adarmu mace ba ta yanka, sai ta aika a nemo namiji. To gidaje nawa ne yanzu, musamman a sansani, da babu namiji babba? A Muwaɗɗa da Buhari akwai labarin yarinyar da ke kiwon tumakin Ka'abu ɗan Malik, ta ga wata za ta mutu, ta yanka ta da dutse mai kaifi, aka ba da izinin a ci. Iyayenmu mata, ku tambayi liman, ya koya muku. Wadda kuma ranta bai ba ta ba, ko namijin da ya san hannunsa zai yi rawa, ya kai wa maƙwabci ko mahauci ya ba shi kai da ƙafafu. Ya fi a yi rabin yanka.

Wasu littattafan Turawa suna koyar da a bugi zomo a ƙeya ko a karya masa wuya. Mu ba haka muke yi ba. In ya mutu kafin wuƙa, mushe ne.

Ga yadda ake yi. Tun dare a janye abinci, a bar masa ruwa. A yi yankan da sassafe, kafin zafi da ƙuda. Kada a ɗauko shi ta kunne, a kama fatar kafaɗa, ɗaya hannun ya tallabi gindi. Ƙashin bayansa ba shi da ƙwari, in ya yi harbi a iska yana iya karya kansa, kuma irin wannan riƙon ne ke sa shi ƙara. A kai shi nesa da sauran. Wuƙa an riga an wasa ta tun bai zo ba, yadda za ta aske gashin hannu. Mutum biyu ake so. Ɗaya ya riƙe ƙafafun baya da ƙugu, ɗaya hannun a ƙirji, ko kuwa a naɗe shi da tsumma a bar kai waje. Zomon da aka naɗe yakan natsu. A kwantar da shi, a fuskanci alƙibla. Gashin wuyansa yana da kauri, manyan mata ma har da tattarar fata ƙarƙashin haɓa, don haka a jiƙa wurin a buɗe gashin da yatsa sai an ga fata. A yi bisimilla da kabbara, a yanka ta gaba, a bar ƙullin maƙogwaro ta wajen kai, a tsinke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu a jan wuƙa ba tare da an ɗaga hannu ba. Wuyan siriri ne, ba ya son ƙarfi, kaifi yake so. Zai yi shure-shure, kada ku firgita ku sake shi. A riƙe har jini ya tsaya, jiki ya saki, sannan a fara fiɗa.

Fiɗar ba wuya. A rataye shi ta ƙafafun baya, a zagaye fatar a idon ƙafa, a tsaga tsakanin cinyoyi, a ja ƙasa kamar ana tuɓe riga. A buɗe ciki a hankali kada a fasa mafitsara, a cire matsarmama daga jikin hanta. Ku dubi hantar da kyau. In akwai fararen ɗigo-ɗigo a kanta, a jefar da ita, alama ce ta cutar da ke sa ƙanana zawo, kuma akurkin yana neman wanki da shanya a rana. Zomon da aka yi wa allura ko aka ba magani, a jira kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa kafin a yanka. Fatar a shafa mata gishiri a shanya a inuwa. Kashinsu kuwa a tara, masu lambu a bakin Komadugu sun san darajarsa.

Abu na ƙarshe. In kuka ga manyan zomaye suna mutuwa farat ɗaya, biyu, uku, cikin kwana ɗaya ko biyu, wani da jini a hanci, kada a yi saurin yanka sauran a kai kasuwa. Akwai annobar zomaye mai tsinka jini, wadda ta bayyana a Najeriya a 2020, kuma tana bin takalmi da buhu da keji. A binne gawar da zurfi, a hana shiga da fita, a sanar da ma'aikatar kiwo a Shetimari ko a Diffa. Sabon zomon da aka sayo kuma ya yi sati biyu shi kaɗai kafin a haɗa shi da na gida.

Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu.