Ma'aikatan da ido ba ya gani cikin daudawa

Wani malamin kimiyya ya yi jawabi gaban ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata. Ga abin da ya ce.

Ya hwara da tambaya: mace ta dahwa kalwa ko gurguzu, ta ruhe, bayan kwana biyu ko ukku ta iske daudawa. Wa ya yi aikin? Wata tsohuwa ta ce zahi ne. Malamin ya ce: «Inna, kin kusa. Zahi taimako yake yi, amma masu aikin wasu ne.»

Ya ce akwai ƙananan halittu da ba a ganinsu sai da madubin likita. Suna cikin iska, da ƙasa, da ƙwarya. Ba duka ba ne ke kawo cuta. Tun shekarun 1980 malamai na jami'ar Ibadan a Najeriya sunka bincika daudawa. Daga baya na Wagadugu ma sunka yi. Sun gano babbar mai aikin, sunanta Bacillus subtilis. Tana hidda wani sinadari da ake ce ma anzim. Shi ke narkar da ƙwayar kalwa, ta yi laushi, ta yi ƙamshinta, ciki kuma ya samu sauƙin narkar da ita. Daudawa abinci ce mai gina jiki, ga gidan da nama ya yi wuya.

Ya ce yanzu manyan masana'antu suna kiwon irin waɗannan halittu cikin manyan tukwanen ƙarhe. Suna ba su abinci, suna kwashe anzim ɗin, suna saidawa. A 1894 wani mutumin Japon, Jokichi Takamine, ya yi rajistar dabarar hidda anzim daga hunhuna, a Amurka. A shekarun 1960 wani kamfani na Danmak ya hwara yin anzim na garin sabuni, daga wata 'yar'uwar halittar daudawa. Shi ya sa garin sabuni ke hidda tabon jini da na miya.

Sai ya ja kunne. Ya ce cikin dangin nan akwai mugunya, sunanta Bacillus cereus. Masu bincike sun iske ta cikin wasu daudawoyin kasuwa. Tana kawo amai da zawo. Dahin da ke sa amai, ko an tahasa miya, ba ya mutuwa. Yara ƙanana su ne sunka hi shan wahala. Don haka malamai ke zaɓen halittu masu kyau, don a riƙa zuba su kamar yadda ake zuba tsohon nono cikin madara.

Kahin wannan ya iso ƙauyuka, ya ba mata shawara huɗu:

1. A wanke hannu da sabuni kahin a taɓa dahwahhiyar kalwa.
2. A yi aiki da ruwa mai tsabta, da ƙwarya wankakkiya.
3. A shanya daudawa bisa tabarma mai tsabta, nesa da ƙuda da bisashe, har ta bushe sarai.
4. A aje ta wuri busasshe. Wadda ta yi hunhuna, a zubar.

Ya ce in yaro ya kama zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi gidan likita ba da jinkiri ba.

A ƙarshe ya ce ma mata: sana'arku ilimi ce, har jami'a ana karatunta. Ku riƙe ta da tsabta, ku tsare lahiyar masu saye da ta ɗiyanku.