Tsohuwar Mota Ba Ta Son Hutu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da sakatare ya aiko mini da takardar gayyata, sai ya ƙara rubutu da biro a ƙasa, wai in zo in gaya wa jama'a dalilin da ya sa mutum mai furfura, wanda ya riga ya yi ritaya, yake wuni ƙarƙashin tsohuwar mota kamar yaron makanike. Na san 'yan ajinmu sun daɗe suna yi mini dariya a bayan ido. To, yau ga ni ga ku, zan ba da amsa, kuma a ƙarshe ina da roƙo.

Motar da ake magana a kanta ba baƙuwarku ba ce. Ita ce Marsandi 911 ta marigayi mahaifina, mai bodin katako, wadda aka rubuta wa "Haƙuri Maganin Duniya" a goshi. Duk wanda ya fito daga Kebbe ko Kuchi a zamaninmu ya hau ta ranar hutu, da akwatinsa na ƙarfe da tabarmarsa. A Inugu aka haɗa ta, a kamfanin ANAMMCO, wanda Alhaji Shehu Shagari ya buɗe a 1980 yana shugaban ƙasa. Malamanmu za su so in tuna cewa shi ma malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. A wancan lokaci ana haɗa Peugeot a Kaduna, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan. Mahaifina ya sayi tasa a 1982, ta yi shekara 16 tana ɗaukar gero da dawa da shinkafa da albasa daga ƙauyukanmu zuwa Tambuwal da Jega da Sakkwato. Da kuɗinta aka biya mini makaranta, ni da ƙannena.

Allah ya yi masa rasuwa a 1998. Da aka zo rabon gado, 'yan uwa suka ce a sayar da ita. Na ce a yi mata kuɗi, a ba ni ita a madadin rabona na gona. Wani kawunmu ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ƙasa ba ta tsufa, amma ƙarfe yana tsufa." Gaskiya ya faɗa, amma ban ji ba.

Kuskuren da na yi kuwa shi ne, na zaci adana abu shi ne a hana taɓa shi. Na ajiye ta ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gida, na rufa mata tamfol, na koma wurin aikina. Shekara 6 ba a tayar da ita ba. Ranar da na yaye tamfol ɗin nan, hawaye sai da ya zubo mini. Gara ta hau ta cinye rabin katako. Ɓeraye sun tattauna wayoyi. Tayoyi sun tsattsage don rana. Ruwa ya taru a cikin tankin gas ya yi tsatsa, birki ya kame, batir kuwa ba a magana. Abin da hanyar Kebbe ta damina ba ta yi mata ba cikin shekara 16, zama wuri ɗaya ya yi mata cikin 6.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne da ya fara da zama karen motar mahaifina, daga baya ya zama direbanta kuma makanikenta. Ya zagaya ta sau biyu bai ce uffan ba, sannan ya ce, "Ɗan maigida, motag ga ba ta mutu ba. Fushi ta yi." Muka shafe wata 9 muna aiki. Ya wanke tanki, ya sauke famfon gas da nozul aka kai Sakkwato aka gyara, ya koya mini yadda ake fitar da iska daga bututun mai da ɗan famfon hannu. Kayan da ba mu samu ba na je Ƙofar Ruwa a Kano, wasu kuma Panteka a Kaduna. Kafinta ya sake bodi da katakon maɗaci. Ranar da injin nan mai silinda 6 ya yi tari ya tashi, yaran unguwa suka yi ta ihu kamar an ga watan Sallah.

Ga abin da na koya, ko wani zai amfana. Kowane mako sai na tayar da ita, in je Dogon Daji in dawo, don bakin mai ya zagaya, birki ya motsa. Ba na barin tanki babu mai da yawa, domin a tankin da ya yi ƙasa ne raɓa take taruwa. Da hunturu ina wanke matatar iska a kai a kai saboda ƙura. Da damina ina bin ta da giris, ina duba ƙarƙashin katako. Ruwan sama nake tarawa in zuba wa lagireto, don ruwan wata rijiyar yana barin ƙanzo a ciki. Na yi mata rumfar kwano da daɓen siminti don gara. Takardunta da inshora kuma ba na bari su mutu, ko da yake ba ta neman kuɗi yanzu. Kada in ruɗe ku, abin yana cin aljihu. Uwargida tana kiranta kishiya, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Masu ce mini mahaukaci, ina da 'yan uwa a Ingila. A birnin Landan an yi wata jar bas mai hawa biyu da ake kira Routemaster. An ƙera guda 2,876 tsakanin 1954 da 1968, ƙofarta ta baya a buɗe take, kwandasta yana tsaye yana karɓar kuɗi. A watan Disamba na 2005 aka janye ta daga aikin yau da kullum. Amma ba su farfasa su duka ba. Wasu suna gidan tarihin sufuri na Landan, ɗaruruwa kuma suna hannun mutane irina, waɗanda suka kafa ƙungiya suna taimakon juna da kayan gyara, suna fito da su ranar biki jikoki su hau. Mu ma ai tamu mai hawa biyu ce: buhuna a ƙasa, mu a sama, muna sunkuyawa idan an zo wurin reshe. Allah ne kawai ya tsare mu, kuma ba na fatan jikana ya yi irin wannan hawa. Bambancinmu da su shi ne, su sun ɗauki tsohuwar mota tarihi, mu kuwa muna auna ta a kilo.

Wannan ya kawo ni ga roƙona. Da muka shigo ɗazu na zagaya bayan ɗakin koyon sana'a, na ga tsohuwar Bedford ta makaranta, ciyawa ta fito ta cikinta. Ita ta riƙa kai mu wasan ƙwallo, ita ke ɗauko itacen kicin, ita ta kai da yawa daga cikinmu asibiti cikin dare. Na ji an kawo shawarar a nemi izini a sayar wa masu sayen ƙarafa, a sayi kujeru da kuɗin. Ban ce kujeru ba su da amfani ba. Amma kuɗin kujeru za mu iya tara shi yau kafin mu tashi, ni zan fara. Mota kuwa in an sa mata wuta an yanka, shi ke nan har abada.

Ban yi alkawarin za ta tashi ba, domin kamfanin Bedford ya bar ƙera manyan motoci tun cikin shekarun 1980, kayanta sai an sha wuya. Abin da nake nema shi ne a ba mu shekara ɗaya. A yi mata rumfa. A bar ɗalibai masu sha'awa su zo ranar Asabar, su kwance, su ɗaura, su ga yadda inji yake da idonsu, ba a zanen allo kaɗai ba. Dattijon da na ba ku labari yana nan da ransa, amma idonsa ya fara rauni, da kunne yake gane ciwon inji yanzu. Ya ce zai zo ba tare da an biya shi ba. In muka yi jinkiri, ƙarfen zai jira mu, shi kuwa ba mu da tabbas.

Motata tana nan a bakin ƙofa, da ita na zo daga Kebbe yau da safe. Bayan an ci abinci, duk wanda gwiwarsa za ta iya, ya zo mu zagaya gari. Malamanmu su shiga gaba, 'yan ajinmu kuwa sun san wurinsu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, malamai da ɗalibai. Allah ya maimaita mana. Wassalamu alaikum.