A DUBA TIYO KAFIN A ZARGI TOBO

Wani tsohon makanike ya yi wa direbobi da yaran mota jawabi a garin Mungadi, cikin Ƙaramar Hukumar Maiyama ta Jihar Kebbi. Yawancinsu masu jigilar albasa ne daga Aliero da kasuwar Jega zuwa Kudu. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Ya fara da bayanin tobo. Ya ce wata 'yar na'ura ce mai fanka biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya fanka ta farko, ta biyun kuma ta tura iska cikin inji da ƙarfi. Injin gas, in ya sami iska isasshiya, sai ya ƙone mai sosai, mota ta ja kaya. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Fankar tana iya juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya.

Ya ce iskar nan ta cikin tiyo na roba take bi, kuma a nan ne matsala ta fi aukuwa. Zafi da tsufa da girgizar hanya suna sa tiyo ya tsage, ko maɗaurinsa ya kwance. In iska ta zurare, alamu uku ne za su bayyana: mota ta rasa ƙarfi a hawa, salansa ta yi baƙin hayaƙi, a kuma ji fito ko huci in an taka totur. Mai kuma zai riƙa ƙarewa da wuri.

Ya nuna takaicinsa da yadda wasu ke gaggawar sayen sabon tobo, ko su sa a taɓa famfon mai, alhali laifin na roba ne mai araha. Kafin a gano gaskiya, mota ta kwana biyu a hanya, albasar mutane ta fara ruɓewa, direba ya shiga rigima da mai kaya.

Saboda haka ya shawarce su da su kashe inji, su bari ya huce, sannan su bi kowane tiyo da hannu suna matsawa. Wanda ya yi laushi ko ya kumbura, a sauya shi. Inda aka ga danshin baƙin mai da ƙura sun taru, galibi nan ne ɓular take. A ɗaure kowane maɗauri sosai. Ɗaure tsaga da robar tayar keke, in ji shi, dabarar isa gari ce kawai.

Ya ja kunnensu game da tiyon da ke tsakanin matatar iska da tobo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In wannan ya ɓule, ƙurar hunturu za ta shiga ta cinye fankar. Haka kuma matatar da ta toshe tana shaƙe inji.

Wani direba ya tambaya, yaushe ne laifin yake na tobo kansa? Ya amsa cewa in hayaƙi ya koma shuɗi, baƙin mai yana raguwa, ko fanka tana gugar jikin gidanta, to a kai wa gwani.

A ƙarshe ya yi kira gare su da su riƙa juyen baƙin mai a kan lokaci, su rubuta ranar a littafi. Kada a taka totur da ƙarfi da zarar an tayar da inji. In an sha doguwar tafiya kuma, a bar inji ya yi minti biyu ko uku yana aiki a tsaye kafin a kashe, don tobo ya huce.