Gansakuka Ta Ci da Gansakuka Mai Dafi

Yau maganarmu a kan gansakuka ce, watau koren nan da ke rufe tafki in rani ya yi nisa.

Can gabas da Tafkin Cadi akwai wata ƙasa, Kanem, inda ake cin wata irin gansakuka. Tafkunansu na ruwan kanwa ne. Mata su kan kwaso ta su zuba a rami cikin rairayi, ruwa ya tsane, rana ta busar da ita, sa'an nan su ɓantare su kai kasuwa. Dihe suke ce mata. Miya a kan yi da ita, a ci da tuwon gero.

A 1940 wani masani Bafaranshe, Dangeard, ya ba da labarinta. Da aka auna busasshiyar, sai aka tarar wajen kashi 60 cikin 100 abinci ne mai gina jiki, irin na nama da wake, ga kuma abin da ke ƙara jini. Turawa na kiranta spirulina, har noma ta ake yi yanzu, a sayar da garinta. Masu talla kan ce tana warkar da ko wace cuta. Wannan bakin ɗan kasuwa ne. Abinci ce kurum.

To, kada wani ya ji haka ya ɗauki ƙwarya ya nufi tafki. Kanwar ruwan Kanem ita ke hana yawancin sauran irin tsirowa. Tafkunanmu na Kebbe da Tambuwal ba haka suke ba. A ruwan daɗi iri-iri ne ke fitowa, waɗansu da dafi mai lalata hanta. Ido ba ya rarrabe su, tafasa ruwan kuwa ba ya kashe dafin. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, ƙasar da ke kudancin Afirka, gwamnatinsu ta ce dafin gansakuka ne a ruwan da suka sha. Abin da ya ka da giwa, ina ga tunkiya?

Saboda haka in mun ga tafki ya yi kore shar, da kauri da wari, kada mu sha, kada mu bar yara su yi wanka. Mu kora dabbobi zuwa rijiya, mu shaida wa mai gari da malamin dabbobi. Wanda ya riga ya sha, amai ko gudawa suka kama shi, a kai shi asibiti.

Abinci mai gina jiki kuwa, ga wake, ga gyaɗa, ga kifi da daddawa da zogale, duk a kasuwar Kebbe. Mu riƙa sa wa yara da masu ciki a miya kullum.