Mu Je Mu Gaida Baƙin Fadama: Ziyarar Dausayin Haɗeja da Nguru

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Godiya ta tabbata ga Allah da ya sake tara mu cikin wannan ɗakin taro da muka sha shara da gogewa muna yara. Malamanmu da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, daga cikin malamai da abokan karatu, Allah ya jiƙansu da rahama.

Kwamitin shirye-shirye ya umarce ni da in yi magana a kan hutu da shaƙatawa, ganin cewa da yawanmu furfura ta fito, amma har yanzu ba mu san yadda ake hutawa ba, sai fa in likita ya kwantar da mu. Na zaɓi in taƙaita bayanina a kan wuri guda, wato dausayin Haɗeja da Nguru, inda mutane ke zuwa daga ƙasashe masu nisa don kallon tsuntsaye, alhali kuwa mu da muke kusa mafi yawanmu ba mu taɓa leƙawa ba. Daga ƙarshe kuma ina da roƙo guda da zan gabatar wa ƙungiya.

Ina ne wannan wuri?

Duk wanda bai yi gyangyaɗi a darasin labarin ƙasa ba zai tuna cewa kogin Kano da kogin Calawa su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, shi kuma kogin Jama'are ya gangaro ne daga tsaunukan Jos. Da waɗannan koguna biyu suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke gabas da Haɗeja, sai suka tarar da tsofaffin tuddan rairayi sun yi jeri a gabansu. Nan ruwan ya rarrabu, ya bi tsakankanin tuddai, ya zama rassa da tafkuna da fadamu, kafin ya sake haɗuwa wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, wanda ke zuba cikin tafkin Cadi. Wannan fili da ruwa ke malalewa a kai duk damina, tsakanin jihar Jigawa da jihar Yobe, shi ake kira dausayin Haɗeja da Nguru.

Wurare uku ne suka fi shahara ga mai ziyara. Akwai tafkin Nguru, wanda reshen Marma ke kai wa ruwa. Akwai gandun dajin Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma. Sa'an nan akwai tafkin Dagona a ƙasar Bade, wanda aka keɓe don tsuntsayen ruwa, kuma yana cikin gandun dajin ƙasa na yankin tafkin Cadi da aka kafa a 1991. A 1989 Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona da ƙafarsa, lokacin yana shugaban ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF. A shekarar 2000 tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Dagona da Baturiya suka bi baya a 2008.

Baƙin da ke sauka

Kowane Bahaushe ya san shamuwa. In ta iso ta ɗinka sheƙa a kan itacen gari, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi, kuma ba mai jifan ta. Idan damina ta wuce sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka. To, daidai lokacin da shamuwa ke sallama da mu, wasu baƙin ne ke isowa daga arewa. Sanyi kan kama ƙasashen Turai da Rasha, tafkunansu su daskare, abinci ya ɓace. Sai tsuntsayen can su taso, su haye tekun Bahar Rum, su ratsa hamadar Sahara, tafiyar dubban kilomitoci, suna rayuwa da kitsen da suka tara a jiki. Wanda ya tsallake hamada da rai, ruwan fadamu irin tamu ne abin da yake fara nema.

Daga cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwar daji da namijinta ke da farin zane bisa ido, da wata mai dogon wuya da wutsiya mai tsini. Da rana sukan yi cincirindo a tsakiyar tafki suna hutawa, da dare su fita kiwo. Akwai kuma wasu masu dogayen ƙafafu da ke bin gonakin shinkafa bayan girbi suna kala. A nan suke tarar da 'yan gida da muka sani: ƙirinjijiya mai fito, ɗinya, zalɓe, jinjimi, kwasakwasa, belbela, da zakaran ƙeƙuwa wanda ba ya ganin mutum ya yi shiru. An rubuta tsuntsaye sama da iri 350 a wannan yanki. A ƙidayar da aka yi cikin watan Janairu na 1997, tsuntsayen ruwa kaɗai sun haura 300,000.

Domin ku ga yadda Allah ya ɗaure ƙasashe da juna, ga misali guda. A bazarar 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka wayi gari wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda suka saba gani a shingayen gonakinsu, ya ragu fiye da rabi. Da aka bi sawu sai aka gano cewa farin da ya faɗa wa ƙasashen bakin hamada a 1968 ne ya halaka su a wurin da suke cin rani. Ashe ƙarancin ruwa a fadamarmu har manomin Ingila yana ganin alamarsa.

Yadda ake wannan kallo

Na san wani a bayan ɗakin nan yana cewa a ransa, babba da shi, da iyali, ya tafi kallon tsuntsu? Ina tuna masa cewa Annabi Sulaiman, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an sanar da shi zancen tsuntsaye, kuma alhudahuda ne ya kawo masa labarin ƙasar Saba'u. Duban halitta da tunani a kanta ba aikin banza ba ne.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. A sannan ruwa ya fara janyewa, hanyoyi sun bushe, tsuntsaye sun taru a sauran tafkunan da ke da ruwa. A kwana a Haɗeja, ko Nguru, ko Gashuwa, a yi sallar asuba a kama hanya, domin sanyin safiya da kuma bayan la'asar su ne lokutan da suke motsi. A riƙe rigar sanyi saboda hunturu, da ruwan sha, da takalmin da ba a jin tausayinsa, da littafin rubutu. Fararen kayan Juma'a a bar su gida, don daga nesa tsuntsu ke hango su ya tashi. In an sami madubin hangen nesa ko guda biyu ne, a yi karɓa-karɓa. Kafin a tashi a tuntuɓi ma'aikatan gandun daji a kan izinin shiga da yanayin hanya da tsaro. In an isa ƙauye a fara gaida mai gari, a nemi masunci ɗan wurin ya yi jagora, a biya shi hakkinsa. Shi ya san inda kowane iri ke kwana, kuma kwalekwalensa ba ya ƙara irin ta inji.

Sauran aikin haƙuri ne. Ka sami gindin goruba ka zauna, rana tana bayanka, ka yi shiru. Minti goma na farko za ka ce ba kome sai ruwa da ciyawa. Can sai ido ya buɗe. Ka ga zalɓe tsaye kamar an dasa shi, ka ga wani mai dogayen yatsu yana takawa bisa ganyen bado bai nutse ba, ka ga wani mai baƙi da fari ya tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike, sa'an nan ya faɗo ya fito da kifi. In shaho ya gitta, dubban agwagi su tashi lokaci guda da wata irin ƙara kamar iskar hadari. Ka rubuta girman tsuntsu, da launinsa, da siffar bakinsa, da abin da yake yi. Ka tambayi jagora sunansa da Hausa da Badanci ko Barbarci, ka rubuta, domin sunayen nan suna cikin ƙwaƙwalwar tsofaffi ne, tsofaffin kuma suna tafiya. Ba jifa, ba danƙo, ba ɗaukar ƙwai, ba zubar da leda.

Abin da ya sami fadamar

'Yan'uwa, a nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Fadamar nan da ambaliya take rayuwa. Ruwa ya zo a Agusta da Satumba ya malale, kifi ya hayayyafa a cikin ciyawa, manomi ya noma shinkafa. Ruwa ya janye, a bi danshi da wake da kayan lambu. Rani ya tsananta, Fulani su sauko da shanu. Fili guda, amfani uku ko huɗu a shekara. Wani sashen ruwan kuma ya nutse ƙasa ya cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogi. Tsuntsaye rabonsu kawai suke ci a cikin wannan arziki.

A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano, a 1992 aka gama ta Calawa. Ba mai musun amfaninsu. Birnin Kano na shan ruwansu, kuma manoman rani na Kura da Kadawa da su suka dogara. Sai dai madatsa tana riƙe ambaliyar damina, sa'an nan ta riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk tsawon shekara. Wannan ya jawo illa biyu. Ta farko, filin da ruwa ke malalewa ya tsuke, balle da fari ya zo a shekarun 1970 da 1980. Ta biyu, hanyoyin ruwan da a da suke bushewa da rani suka daina bushewa, sai ciyawar kacala ta sami wurin zama. Kacala ta toshe rassan kogi, laka ta taru, ruwa ya sauya hanya. Yau sai ka ga wani gari ruwa ya cinye masa gonaki, maƙwabcinsa kuma yana kukan ƙishirwa. Masunci ba ya iya jefa taru a cikinta, agwagi ba su da sararin sauka, jan-baki kuwa ya sami maɓoya, daga nan yake fita ya far wa gero da shinkafa.

Tun a farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka auna abin da ruwan ke samarwa in an bar shi ya isa fadama, wato noma da su da itacen wuta, suka gwada da abin da yake samarwa a manyan gonakin rani na sama. Suka tarar cewa a ma'aunin ruwa guda, fadama ta fi riba nesa ba kusa ba. Shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa ita ce a riƙa sakin ruwa mai yawa daga madatsun cikin damina don a kwaikwayi ambaliyar da, bisa tsari da sanarwa, a kuma yashe hanyoyin ruwa.

Ina tambayar iyayenmu malamai: yaushe rabonku da ganin gauraka a daji? Tsuntsun da muka taso muna jin sunansa a tatsuniya, mai tukku kamar an naɗa masa zinariya, yau da ƙyar ake ganin sa a Nijeriya, saboda kamun da aka yi masa don ado a gidajen manya da kuma lalacewar wuraren da yake ƙwai. Jikokinmu sai dai a hoto.

Roƙona ga ƙungiya

In kun duba ɗakin nan za ku ga injiniyoyin ruwa, da malaman gona, da manyan sakatarori, da 'yan majalisa, da masu riƙe da sarauta. Takardun da ke yanke hukuncin ranar da za a buɗe madatsa, da filin da za a ba wane, da kuɗin da za a ware don yashe kogi, ta teburin irinmu suke bi. Mutum ba ya jin ciwon wurin da bai taɓa gani ba. Hausawa suka ce gani ya kori ji.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Na ɗaya, a ware kuɗi cikin kasafin bana don kai ɗaliban aji na ƙarshe ziyarar kwana biyu zuwa Baturiya ko Dagona cikin watan Janairu, tare da malaman kimiyya da na labarin ƙasa, kuma abin ya zama na kowace shekara. Na biyu, a saya wa makaranta madubin hangen nesa ko guda biyar ne, da littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma, a ajiye a laburare. Na uku, mu kanmu mu cika mota guda mu bi yaran, kowa da ɗansa ko jikansa. Zumunci a ƙafa yake, kuma hirar da za mu yi a bakin tafki ta fi wadda muke yi a tsaitsaye wajen ɗaurin aure da jana'iza.

Malamanmu sun koya mana sunayen koguna a kan allo da alli, ba su da mota, ba su da madubi. Mu da Allah ya hore wa abin da ba su samu ba, ya kamata mu kai ƙannenmu su ga kogin da idonsu. Wataƙila a cikinsu akwai wanda wata rana makullin Tiga zai shiga hannunsa.

Ina fata sakatare zai sa wannan roƙo cikin abubuwan da za a tattauna kafin a tashi.  Allah ya bar zumunci, ya ɗaukaka makarantarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.